Ƙauyen da Gazali Yake Nufi

Sonawadi, Indiya
8 ga Yuni

Rahina,

Assalamu alaikum. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Yaya jikin tsohuwata Iya? Ƙafar tata ta daina kumburi? Ki gaishe ta, ki gaida yaran gida da duk wanda ya tambaye ni. Ni lafiya lau, in ban da barkonon mutanen nan da ya hana cikina sakat.

Layin wayar da suka ba ni har yanzu ba ya kiran ƙasar waje, taki kuma ba ta karɓar hoto. Sai mu ci gaba yadda muka saba: in rubuta, in ɗauki hoton takardar in tura wa Yaya Zubaida a Tasawa, ta fitar ta ba direban Urafan. Ke ma ki riƙa ba shi amsa ya kai mata.

An fitar da mu daga birni. Makarantar aikin gona ta rarraba mu, ni aka turo wani ƙauye da ake kira Sonawadi. Ki gwada faɗin sunan a gaban Iya, za ki ba ta dariya. Rahina, hatsi suke nomawa! Hatsinmu sak, sai dai zangarniyar gajera ce. Bajara suke ce masa. Ba su san fura ba, Allah sarki, gurasa suke yi da shi. Ɓauna kuma suke tatsa, ɓaunar da mu muke jin labarinta a daji, nan yarinya ƙarama ke kora ta da tsinke.

An sauke ni gidan wani dattijo manomi. Abin da ya sa na ɗauki biro ma a gidansa ya faru. 'Yarsa da ke aure a birni ta zo da tsohon ciki. Na tambaya da ɗan Turancina, aka ce al'ada ce, mace takan koma gidan iyayenta ta haifi cikin fari. Ashe su ma suna goyon ciki! Satin da ya wuce ta sauka lafiya lau, namiji, aka yi ta raba alewa har ni baƙo aka cika wa hannu. Na zauna ina kallon uwar tana shafa wa 'yarta mai a ka, na ce a raina, lallai 'ya mace ba ta da wurin haihuwa kamar kusa da uwarta, kuma ƙauye ba abin tsoro ba ne. Sai na tuna ki, kewa ta kama ni, na shiga ɗaki.

Damina ta sauka nan. Ku fa, kun yi shuka?

Mijinki,
Gazali

*

Garin Dauda, ta Urafan
21 ga Yuni

Malam,

Wa'alaikumus salam. Takardarka ta iso. Muna lafiya, ƙafar Iya da sauƙi, tana ma zuwa bakin gona ta yi wa yara faɗa. An yi shuka, ta tsira. Ka rage cin barkonon nan tun bai rame mini da kai ba.

Yanzu ka natsu ka karanta. Ranar da takardar ta zo, Anna, mahaifiyata, tana nan, ta zo duba ni. Na zauna ina karanta musu ita da Iya kamar kullum. Sun sha dariyar ɓauna. Da na kai wurin goyon ciki, sai Anna ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya. Maimaita wurin ga." Na maimaita. Ta dubi Iya ta ce, "To, mi ya rage? Mijinta da bakinshi ya hwaɗi. Ni da ma kunyatai nike ji."

Iya ta ce lallai haka magana ta nuna, ita ba za ta shiga tsakanin 'ya da uwa ba.

Ka tuna abin da muka shirya kafin ka tafi. Ka roƙi Anna ta yafe maka goyon ciki, ka ce in ciki ya tsufa in koma Tasawa wurin Yaya Zubaida, kusa da asibiti. Ta yarda, amma ranta bai so ba. Yanzu ta ce Allah ya kai ka ƙasar nesa ya nuna maka gaskiya. Na ce mata labari kawai kake bayarwa. Ta ce namiji mai kunya haka yake ba surukarsa izini, ba ya fitowa fili.

Ni kaina na karanta layin nan har takardar ta fara yagewa. Ban sani ba ko ka canza ra'ayi. In ka canza, ba zan ƙi ba, ina son Anna kusa da ni, ba zan ɓoye maka ba. Amma akwai abin da ba ka sani ba. Na je awo Tasawa an yi mini eko, hoton ciki. Sajfam, ungozomar asibiti, ta ce ɗan a gicciye yake kwance. Ta ce mai yiwuwa ya juya da kansa, in kuma bai juya ba, aiki za a yi, kada in yarda naƙuda ta same ni nesa da likita. Na faɗa wa Anna, ta ce ungozomarsu ta juya waɗanda suka fi wannan taurin kai.

Ka san zangonmu, Zangon Gado. Ka san yashin da ke tsakaninsa da Isawan.

Anna ta koma, ta ce za ta dawo ɗaukata in an gama noman fari. Ka rubuto magana ɗaya, e ko a'a. Tsoro nake ji, Malam.

Matarka,
Rahina

*

Sonawadi
9 ga Yuli

Rahina,

Salamu alaikum. Ina gaida Iya, ina gaida kowa. Yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Sai jiya na ga takardarki. An kai mu wasu gonakin gwaji a kan duwatsu, wayata ta jiƙe da ruwan sama ta mutu, sai da na dawo aka gyara. A'a, Rahina. A'a! Ban canza komai ba. Ni da bakina mai yawan surutu, Allah ya shirye ni.

Laifin kalma ɗaya ce. Na ce miki ƙauye domin haka su suke kiransa, ban tsaya na gaya miki wane irin ƙauye ba. A bangon ofishin magajin garin an rubuta yawan mutanen Sonawadi da fenti, maza kaza, mata kaza, jimla dubu tara da 'yan kai. Da a wajenmu ne, da tuni an naɗa masa perefe, shugaban gunduma. Kwalta ta ratsa tsakiyarsa. Jar bas tana wucewa birni kowace awa, tun asuba har bayan magariba, ko da mutum uku ne a ciki sai ta tashi. Keke mai ƙafa uku yana nan birjik a bakin kasuwa. Motar madara tana zuwa kowace safiya. Tashar jirgin ƙasa kuwa daga saman soron gidanmu ina hango ta.

'Yar mai gidan nan da na ba ki labari ba a ɗakin uwarta ta haihu ba. Da naƙuda ta taso, waya aka buga, ambilans ta zo ƙofar gida kafin uwar ta gama ɗaure kaya. A asibitin garin ta haihu, washegari aka dawo da ita. Wannan ne ƙauyen da na ce ba abin tsoro ba ne.

Zangon Gado fa? Gida nawa ne? Ranar ɗaurin aurenmu na ga duka mutanen zangon a inuwar gawo biyu. Mota sai ranar kasuwar Isawan, ita ma in ta ga dama. Rezon kira kuwa sai an hau tudu an ɗaga waya sama. Ban raina mahaifarki ba, Allah ya sani, a can na samo ki. Amma ba da ɗa a gicciye ba.

Ki ba Anna haƙuri, ki ce ni ne ban iya magana ba. Ga maganata ɗaya da kika nema: ki zauna inda kike, kada ki motsa ko'ina, kowa ya zo ɗaukarki ki ce mijinki ya hana. Yaya Zubaida za ta aiko a taho da ke.

Gazali

*

Tasawa
12 ga Yuli

Gazali,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, yara suna gaishe ka, babansu ma haka.

Kai dai tun kana yaro in aka aike ka sayen gishiri sai ka dawo da labarin raƙumi. Wa ya tambaye ka haihuwar 'yar Indiya? Ga shi ka ja mana.

Takardarka ta makara. Rahina ta tafi. Surukarka ba ta jira ƙarshen noma ba, ta ce in ruwa ya yi yawa hanya za ta ɓaci, gara su wuce da wuri. Ka ji fa, ita ma ta san hanyar. Sun tafi tun farkon wata. Yarinyar ta jira amsarka har ranar tafiya, Iya ta ce tana shiga mota tana waiwayen hanyar Tasawa. Da ta ji shiru, ta ɗauka shirun naka shi ne e. Ni ban ji ba sai da direba ya faɗa mini, da na je na tare.

Na fitar da takardar taka na ba wani mai sayar da goro da ke cin kasuwar Isawan, ya ce zai ba 'yan zangon. Na gwada lambar Baba Sha'aibu, mahaifinta, ba ta shiga. Na nemi mota ta haya, direbobi biyu sun ce ko nawa zan ba su ba za su sa motarsu cikin yashin nan ba bayan ruwan da aka yi. Sun ce tabkin da ke kudu da zangon ya cika ya haɗiye hanya.

Kada ka ce za ka baro karatu ka taho, na san halinka. Kafin ka sauka Yamai komai ya riga ya faru, kuma zuwanka ba zai busar da tabki ba. Ka zauna ka yi addu'a. Iya ba ta barci, ta ce da bakinta ta sallame ta.

Lissafin sajfam ƙarshen Agusta ne. Akwai sauran lokaci, in Allah ya so.

Yayarka,
Zubaida

*

Zangon Gado
27 ga Yuli

Malam,

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Anna da Baba suna gaishe ka. Ina shan nono har na gaji, kullum sai an dama mini fura sau uku, ba a bari in ɗaga ko tsintsiya. Da ba don abin da ke raina ba, da na ce ban taɓa jin daɗi irin wannan ba.

Takardarka ta iso a aljihun wani makiyayi, ta jiƙe gefe ɗaya amma tana karantuwa. Na karanta ni kaɗai tukuna, na yi kuka, na yi dariyar perefe, sannan na kai wa Baba na karanta masa daga farko har ƙarshe.

Malam, ka san abin da ka rubuta a ƙarshe? Ka ce in zauna inda nake, kada in motsa ko'ina, kowa ya zo ɗaukata in ce mijina ya hana. To, a Zangon Gado maganar ta same ni.

Na ce wa Baba Garin Dauda kake nufi, lokacin da ka rubuta ba ka san na taho ba. Ka san halinsa. Can ya ce, "Ni ban san abin da ke cikin zuciyatai ba, abin da ke cikin takarda ni ji. Na hwarko munka yi mishi fassara, ga inda ta kai mu. Wanga karo ba mu ƙara mishi ko wasali. In shina son ki tashi, shi aiko mini ni."

Ba mugunta ba ce. Kunya ce ta kama shi, ya ga kamar sun ɗauko matar mutum ba da izini ba, ba ya son a ce sun sake. Anna kuma ta ji zafin inuwar gawo biyu. Da na sani da na tsallake wurin.

Ko da ya yarda ma, motar kasuwa ba ta zo ba tun da na iso. 'Yan kabu-kabu suna tsayawa a wancan gefen tabki, kuma wa zai ɗora ni a babur da wannan ciki? Sai amalanke, shi ma Baba ya ce ruwan ya kai ƙirjin shanu.

Ungozoma tana zuwa da safe ta murza mini ciki da man shanu. Ta ce ya fara juyawa. Ni kuwa kansa nake ji nan gefen dama inda yake tun farko, yana tokare ni in na kwanta. Ban faɗa wa Anna ba.

Ka rubuto wa Baba da sunansa. Gajeriya. Kada ka sa labarin kowa a ciki. Zan ba masu kai awaki kasuwa wannan, ban san ranar da za ta same ka ba.

Ka yafe mini in na taɓa ɓata maka.

Rahina

*

Sonawadi
11 ga Agusta

Zuwa ga Baba Malam Sha'aibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa ina gaishe ka, ina gaida Anna. Allah ya ƙara girma, ya ba da damina mai albarka.

Baba, ni Gazali, mijin Rahina, ina roƙonka don Allah ka fitar da ita daga Zangon Gado ka kai ta asibitin Mayahi ko na Tasawa, ranar da takardar nan ta same ka, ta kowace hanya. Wannan shi ne izinina, ba ni da wani bayansa.

Ba ku yi mini laifi ba. Ni na yi kuskuren magana har sau biyu. Maganar da na yi a kan zango kuma, a yafe mini, tsoro ne ya sa.

Ɗanka,
Gazali

Yaya Zubaida, ki fitar da wannan kofi uku, ki ba mutum uku daban. Ina zaune a tashar bas nake rubutawa, nan ne waya ta fi kamawa. Tun zamana bas huɗu sun wuce, rabinsu babu kowa a ciki. Ban taɓa tsanar mota ba sai yau.

*

Tasawa
19 ga Agusta

Gazali,

Muna lafiya. Na aika duka ukun. Har yanzu shiru. An sake yin ruwa mai yawa a arewa. Wani ya ce ya ga amalanke da mace a kwance a kan hanyar Isawan, wani ya ce buhunan wake ne. Gobe maigidana, baban su Umaima, zai hau babur ya je Isawan ya tambaya da kansa. Ka daina turo mini saƙo kowane minti, in na ji wani abu kai ne na farko.

Ka ci abinci.

Zubaida

*

Asibitin Mayahi
24 ga Agusta

Malam,

Assalamu alaikum. Na san ka tsallake gaisuwa kana neman magana, to ga ta: ina raye, 'yarka tana raye. Mace ce. Yanzu koma ka amsa sallamata.

Yaya Zubaida ta iso, na san ta riga ta gaya maka wannan. Sauran na hana ta, na ce ni zan faɗa da hannuna. Rubutun zai karkace, a kishingiɗe nake.

Naƙuda ba ta jira lissafin sajfam ba. Da hantsi faya ta fashe. Ungozoma ta zo ta yi iya yinta har rana ta take, sannan ta fita ta kira Anna gefe. Ban ji abin da ta ce ba, na dai ga Anna ta dafa bango. Baba yana zaune a waje. Ba wanda ya roƙe shi. Sai ji na yi yana kiran shanu, yana cewa, "Ku shimhiɗa tabarma bisa amalanke. Gazali shi zo shi kai ni ƙara."

A tabki ruwa ya hau har kan katako. Samarin zango suka shiga suka tallafi amalanken ta kowane gefe, Baba yana gaba riƙe da igiyar shanu, ruwa a wuyansa, rawaninsa ya tafi bai waiwaya ba. Anna ta rungume kaina tana kiran sunana na yarinta. Bayan nan abin da na tuna kaɗan ne. Na tuna yashi, na tuna rana a fuskata. A Isawan sajfam ta duba ni ta buga waya nan take, ambilans ta taho daga Mayahi.

An yi aiki, an ciro ta ba ta kuka. Suka yi ta fama da ita har ta yi atishawa, haka aka ba ni labari. Yanzu kuwa duk ɗakin nan ba wanda ya kai ta baki. Na ce wannan ba sai an tambayi 'yar wa ce ba.

Takardarka ta izini ta iso jiya, baban su Umaima ya karɓo ta a hannun mai goro. Ta tarar an riga an ɗinke ni. Baba ya sa na karanta masa, ya ce in sake, sannan ya ninke ya sa a aljihu ya fita waje ya daɗe.

Ga abin da na hana Yaya ta faɗa. Naƙudar ta daɗe, mahaifa ta yage, jini ya ƙi tsayawa. Likita ya ce zaɓi biyu ne gare shi, ni ko mahaifar, ya cire mahaifar. Ba zan sake haihuwa ba, Malam. Na yi kukan, na gama na yau, na gobe yana nan yana jirana. Kada ka rubuto mini cewa laifinka ne. Anna ta ce nata ne, Baba ya ce nasa ne, Iya ta aiko cewa nata ne, na gaji da raba musu. Ni dai ka dawo ka same ni yadda nake.

Da safen nan 'yan'uwan Anna suka zo barka. Suka tarar na rungume ta ina shinshina kanta. Wata gwaggona ta ce, "Ke Rahina, ba ki da kunya? Ɗiyar hwari ce hwa. Aje ta, a gaban mutane ba a ɗaukar ɗan hwari, ko sunanta ba ki hwaɗi."

Na ce mata, "Gwaggo, wagga auta ce. Ba a kunyar auta."

Anna ta juya fuska bango.

Suna ranar Laraba, a nan Mayahi za a yi, gidan wani abokin Baba. Ka aiko da sunan ta wayar Yaya Zubaida, tana nan tare da ni. Suna ɗaya, ba tare da bayani ba. Ka zaɓa da kyau, domin zan kira shi da bakina a gaban kowa.

Matarka,
Rahina